Shuɗin Ɗigo a Bayan Cokali

Duk wanda ya zauna a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya ce bai taɓa cin abin hannun Maman Jona ba, ƙarya yake yi, kuma a gabansa zan faɗa. Sunanta Hannatu, amma ba mai kiran ta da shi sai mijinta Habila, shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya. 'Yar kudancin Kaduna ce, daga wajen Zonkwa. Ta zo Kano tana amarya, lokacin Habila yana tuƙi a wata ma'aikatar gwamnati, tun lokacin da bayan gidansu yake fili da ake ɗaure awaki. Ta yi aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata har gwiwoyinta suka ce sun gaji. 'Ya'yanta biyu, Jonathan yana Jos, Miriam tana aure a Kaduna. Ita kaɗai ta rage a gidan, ita da rediyonta da tukwanenta.

Ni sunana Husaina, kuma kun san mu tagwaye ba a raba mu da zuciya, to tawa ta fi ta Hassana kusa. Daga Rano aka kawo ni, mijina Yusuf yana jan adaidaita. Na zo ban san kowa ba, ko risho ban iya kunnawa ba. Maman Jona ce ta leƙo ta katanga ta ga hayaƙi ya turnuƙe ni, ta ce, "Amarya, lagwanin kika ɗaga da yawa, za ki ƙona girarki." Ranar haihuwata ta fari Yusuf yana can Unguwa Uku da fasinja, wayarsa a kashe. Ita ta tare mota, ita ta riƙe hannuna a asibiti, na yi ta mintsinin ta ba ta ce uffan ba. Saboda haka idan kun ji ina ɗaga murya a kan maganarta, ku yi haƙuri, ba zan sauke ba.

Kayan girkinta kuwa yawo suke yi kamar ba su da mai su. Suna, biki, walimar sauka, zaman makoki, duk gidan da taro ya faɗa wa sai ka ji an ce, "A je a aro tukunyar Maman Jona." Da Habila ya ga kwanukansu suna ɓacewa, sai ya ɗauko ragowar shuɗin fentin da ya yi wa ƙofa, ya zauna da tsinken ashana ya bi komai ya ɗiga masa ɗigo a baya. Tun daga nan duk matar da ta ga shuɗin ɗigo a cikin wanke-wankenta ta san inda za ta kai.

Ran Sallah mu aika mata da tuwo da soyayyen nama, ran Kirsimeti ita ta aiko mana da shinkafa da miyar kaji. Kuma ba ta taɓa barin wani ya yanka mata kajin nan ba sai Malam Zakariyya, wanda yake jan mu sallah a masallacin bakin layi. Da kanta take zuwa da sassafe ta ce, "Malam, a taimaka mini, abincin maƙwabta ne." Haka muka saba, haka 'ya'yanmu suka taso, ba wanda ya taɓa ganin wani abu a ciki.

Sai bara, da Alhaji Ashiru ya sayi gidan da yake kan kwanar layin, ya rushe shi ya ɗora bene. Da Kirsimeti ta zo, Maman Jona ta zuba masa shinkafa a kwanonta mafi kyau, tunda baƙo ne. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya sa maigadinsa ya dawo da kwanon, a buɗe, ta gaban majalisar da maza suke zama, da saƙon wai a gaya mata su ba sa cin irin wannan. Irin wanne? Kajin da Malam Zakariyya ya yanka, wanda kake tsayawa a bayansa kullum? Ni ba malama ba ce, ban ce dole sai ka ci ba. Cikinka ne. Amma ka karɓa mana ka ce an gode, ka rufe kwanon tsohuwa! Wallahi ranar da Yusuf bai riƙe mayafina ba da sai an ji mu a Tarauni.

Maman Jona kuwa ta fito da kanta. Ta karɓi kwanon ta ce wa maigadin, "Sannu da aiki." Amma na ga abin ya shige ta. Ta rage fitowa, ta daina leƙo mini ta katanga. Idan an zo aron tukunya sai ta miƙo ta bakin ƙofa ba hira. Jonathan kuwa da ya ji labari sai ya samu abin da yake nema tun rasuwar babansa. Kullum waya: "Mama, me kike jira? Ki tattaro ki dawo Jos, ga ɗaki na gyara miki. Mutanen da kika sani sun ƙare." Har bana ya ce bayan sabuwar shekara zai zo da motar ɗaukar kaya. Ni ban ga laifinsa sosai ba, ɗa ne, uwa yake so. Amma haushinsa na ji, don bai san wa zai ɗauke mana ba.

Da Disamba ta bana ta kama, sai ta kira ni ta katanga, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na shiga na tarar ta baje cokulan shayi a kan tire, tana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Na san cokulan nan. Na aurenta ne, masu ɗan zanen ganye a kan mariƙi, da su Habila yake juya shayinsa.

Ta ce, "Husaina, bana ba shinkafa, ba kaza. Ba wanda zai ƙara tambayar wa ya yanka."

Na ce, "To me za mu ci, Mama? Cokali?"

Ta yi dariya ta ce, "Cokali mai cakulan." Miriam ce ta turo mata hoton bidiyo a waya. Ana tsoma kan cokali a narkakken cakulan, a bar shi ya daskare, sai a ba mutum. Idan ya haɗa madara mai zafi ko shayi sai ya juya da shi, cakulan ɗin ya narke a ciki. Na ce ikon Allah, mutane ba sa rasa abin ƙirƙira.

Sai ta ajiye tsumman ta dube ni. Ta ce, "Kowane gida zan ba su ɗaya, su sha cakulan ɗin su riƙe cokalin. Ni tsohuwa ce, me zan yi da cokula da yawa? Idan suka riƙe, na san ina da wuri a gidajen nan, ko a cikin kwandon wanke-wanke ne. Idan suka dawo mini da su kamar shinkafar bara, zan ce wa Jona ya zo da motarsa."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, zan bi gida-gida in ce ta ce a riƙe. Ta ɗaga mini yatsa. "Kul! Idan sai an ce a riƙe, ai roƙo ya zama. Ki yi mini alkawari ba za ki buɗe baki ba." Na yi alkawarin, kuma ban taɓa yin alkawarin da ya ƙona mini harshe kamarsa ba.

Aikin nan ba wasa ba ne, kada bidiyo ya ruɗe ku. Ta hau adaidaitar Yusuf har wani kanti ta sayo cakulan na girki, manyan sanduna masu duhu. Muka kakkarya su a ƙaramin kwanon silba, muka ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi, don ta ce idan ya taɓa wuta kai tsaye ƙonewa yake ya yi ɗaci. Zubin farko ni na ɓata shi. Ɗigon ruwa ne ya faɗa daga murfi, nan take ya cure ya zama kamar tuwon da ya kwana. Ta ce, "Ba ya shiri da ruwa, ke kuma ba kya shiri da haƙuri." Muka sake. Ta riƙe cokali ta mariƙi, ta tsoma kansa, ta ɗaga ta jira ya daina zuba, sannan ta kwantar da shi a tire, ta tokare mariƙin da muciya don kada cakulan ɗin ya gangaro. Kafin ya daskare sai ta barbaɗa wani abu a kai, kuma kowa da nasa. Na Inna Safiya, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, ba ta sa masa gyaɗa ba, don Inna ba ta da haƙora, sai garin citta kaɗan saboda sanyi. Na gidan Khadija mai kitso ta sa riɗi. Na Malam Zakariyya ta sa kanumfari, ta ce ta lura yana jefa shi a shayi. Nawa ta cika shi da dakakkiyar gyaɗa. Har na Alhaji Ashiru ta yi, da kwakwa.

Na ce, "Shi ma?"

Ta ce, "Gidansa ba a layin yake ba?"

Muna gama jerawa a firji aka ɗauke wuta, kamar jira suke. Maman Jona ta ɗauko tiren ta ɗora a kan randa, ta jiƙa buhu ta zagaye gindin randar, ta zauna tana korar ƙuda da mafici, gwiwoyinta a kumbure. Allah ya taimake mu da sanyin Disamba, suka daskare suna sheƙi. Ta naɗe kan kowanne da farar leda, ta ɗaure da jan zare, ta yi masa ɗaurin fure. Ni dai ban taɓa ganin cokali ya yi kyau haka ba.

Ran Kirsimeti da safe, tana shirin coci, ni na ɗauki tiren na bi gidaje. Ina miƙawa ina cewa, "In ji Maman Jona, a juya a madara mai zafi." Sauran maganar tana nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi. Mata suna ta "Kai, madalla!" "Oh, Maman Jona da dabara!" Mijin Khadija, Bashir, a gabana ya ɓare ya gatsa kamar rake, ko jiran madarar bai yi ba. Na ce a raina kai dai ka ci yadda ka ga dama, ka riƙe cokalin kawai.

Washegari da hantsi ina shanya sai na ji sallama a gidan Maman Jona. Khadija ce. Na leƙa ta katanga, me zan gani? Cokali a hannunta, an wanke shi tas yana ƙyalli, da ƙullin dabino. "Mama, an gode, Allah ya maimaita mana." Maman Jona ta karɓa ta ce, "Amin." Ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Daga nan sai ka ce an buɗe famfo. Matar Malam Zakariyya ta kawo nasu da ganyen shayi. Wata ta kawo da sabulu, wata da sukari. Inna Safiya, wadda na fi sa wa rai, ta dogaro sandarta ta kawo nata da ƙwallayen daddawa. Na gidan Alhaji Ashiru kuwa maigadi ya kawo shi yadda na kai shi, da ledarsa da jan zarensa, ba a ko kwance ba. Kowa ya zo ya yi godiya ya tafi yana murmushi, ni kuwa ina bayan katanga ina cizon yatsa. Haba jama'a! Mace ta ɗauki cokulan aurenta, na mijinta da ya mutu, ta raba muku, ku wanke ku dawo mata da su kamar kayan aro? Ba wanda ya ga jan zaren nan? Wa yake ɗaura wa kayan aro fure?

Kafin sati ya zagayo duk sun dawo, sai nawa kaɗai da na adana a cikin kabet. Na shiga wajenta na tarar ta sauko da manyan jakunkuna masu zif, tana ninke zannuwa. Cokulan suna cikin kwano a kan tebur.

Ta ce, "Kin gani ko? Ba su yi mini rashin kunya ba, da ladabi suka dawo da su. Amma dawowa dai dawowa ce. Na gaya wa Jona."

Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, sai gidan Inna Safiya. Alkawari kuwa na ce ya tafi can, ai ta riga ta kira mota.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran kalwa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce, "Inna, ke ma? Ke da Maman Jona ta yi jinyar Baba maigidanki tare da ke har ya cika? Ke da mijinki ya shimfiɗa tabarma a ƙofarta lokacin da gari ya yamutse, ya ce sai dai a bi ta kansa? Ta ba ki kyauta ki mayar mata? To ku zuba ruwa a ƙasa ku sha, kun kore ta, Jos za ta tafi!"

Inna ta ajiye faifai. Ta ce, "Ke 'yar nan, zauna, kada ki tashi mini kaji. Wa ya kori wa?"

Na zayyana mata komai a tsaye. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ke da kika raba cokulan, kin juya bayansu kuwa?"

Na ce, "Bayansu kuma?"

Ta ce, "Miƙo mini sandata."

Muka shiga gidan Maman Jona, Inna tana gaba tana haki. Ba ta zauna ba. Ta jawo kwanon cokulan ta zazzage su a tebur, ta riƙa kifa su ɗaya bayan ɗaya. A bayan kowane mariƙi, can ƙasa, ga ɗan shuɗin ɗigo, ya kode amma yana nan. Na yi tsaye baki buɗe. Da hannuna na riƙe cokulan nan yini guda, ita kuma ta goge su da tsumma, amma idonmu ya saba da ɗigon har ya daina ganin sa.

Inna ta ce, "Hannatu." Ban taɓa jin ta kira sunan ba. "Wannan aikin hannun waye?"

Maman Jona ta ce a hankali, "Habila."

"Me ya ce ranar da ya zauna yana ɗigawa? Ina nan, a kan wancan dakalin."

Maman Jona ta ce, "Ya ce duk inda suka je, su san hanyar gida."

"To sun sani. Ko jikata ta ga shuɗin nan ta san ba a kwana da shi. Mu a layin nan ba ma riƙe kwanon mutum sai idan ya mutu ko ya tashi. Kwanon marigayiya Saratu yana ɗakina har yau, ban da wanda zan kai wa. Ke mutuwa kika yi ko tashi, da kike so in ajiye naki kusa da nata?" Ta ɗaga cokali ɗaya ta kai shi dab da fuskar Maman Jona. "Shinkafar bara a cike aka dawo miki da ita. Wannan fa? Duba. An bar miki ko ɗis? Ni da ba ni da haƙori sai da na lashe har mariƙi. Mun wanke mun kawo ne don ki sake tsomawa."

Maman Jona ta zauna a kan jakar kayanta. Ta sa hannu ta ɗauko na Alhaji Ashiru, mai leda da jan zare. Ta ce, "Wannan fa, Inna?"

Inna ta ce, "Wannan an ƙi shi, ba zan yi miki ƙarya ba. Shi kaɗai ne. A kansa za ki bar mu? Husaina, ɗora madara, ni ina son kwakwa."

Na ɗora madarar, amma ban tsaya na ga an sha ba. Na zaga gida na buɗe kabet, na ɗauko nawa na juya bayansa. Ga ɗigon nan yana kallo na. Ashe duk layin ni kaɗai ce na ajiye cokalinta kamar na wadda ta riga ta tafi, ni da na fi kowa ihu! Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan sauke wa. Na wanke shi na goge, na ɗebo gyaɗa cikin leda don ba a mayarwa haka nan, na koma na dangwarar da shi a kan sauran har ya yi ƙara.

Maman Jona ta ɗago, idonta jawur, tana tsakanin kuka da dariya. Ta ce, "Ke ma, Husaina?"

Na ce, "Ni ma. Ga gyaɗa nan, baɗi ki ƙara a nawa, ta bana ta yi kaɗan."

A gabanmu ta kira Jonathan. Muna jin muryarsa yana cewa ya riga ya yi magana da direba. Ta ce, "Jona, ka ba shi haƙuri. Ka zo kai kaɗai ka gan ni, ba kayan ɗauka." Ya fara, "Amma Mama, ke kika ce..." Ta ce, "Na ce. Kayana sun dawo gida, ni ina za ni?"

Ni da ita muka kwashe zannuwan muka mayar cikin akwati. Da na zo zuba cokulan a aljihun tebur sai ta ware guda, wanda Inna ta gama juya madara da shi, ta ce in ajiye shi daban, na gidan Alhaji Ashiru ne, baɗi za a sake kai musu.

Na ce, "Wallahi Mama ba da ƙafata ba!"

Ta ce, "To shi ke nan, zan lallaɓa da gwiwoyina."

Na dubi gwiwoyin nan, na dubi cokalin, na ja tsaki na karɓa.